Kwando Ɗaya, Ɗakuna da Yawa: Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Dish a Gida

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin magidanta, masu gidajen haya, da yaran da ke koyon sana'ar haɗa dish a garin Bauchi. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma an sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Gidanmu ɗakuna huɗu ne. Dole kowane ɗaki ya sami nasa kwandon?

A'a. Aikin kwando shi ne ya tattaro siginar da ke saukowa daga tauraron da ke can sama, nisan kusan kilomita 36,000, ya tara ta a bakin ɗan abin nan da ke kan sandar gaba, wanda ake kira LNB. Ko dikoda ɗaya ce a gidan, wato akwatin da ke mayar da siginar hoto a talabijin, ko takwas, abin da kwando yake tarawa ba ya raguwa. Inda maganar take shi ne irin LNB ɗin da aka saka da yadda aka sauko da wayoyi daga gare shi.

Kwando na biyu ba ya zama dole sai in kana son wani tauraron da ke wata kusurwa dabam, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 9. Gidajen hayar Yelwa da Gwallameji da ake ganin kwanduna jere a katanga, duk suna kallon wuri ɗaya, kwando ɗaya mai kyau zai ɗauki nauyinsu da mai gidan ya tsara tun farko.

2. Me ya kamata in fara yankewa kafin in tafi kasuwa?

Abu ɗaya ne: kowane ɗaki zai riƙa canza tasharsa da kansa, ko kowa zai kalli abin da aka kunna a falo? In na farkon ne, kowane ɗaki yana buƙatar dikodarsa da wayarsa. In na biyun ne, dikoda ɗaya ta isa, sai ka duba tambaya ta 7.

A gidan da ke da uwargida da amarya, ko ga sashen maigida ga ɗakin samari, shawarata ita ce a yi tsarin kowa da nasa. Maigida yana son labarai ko karatu, yara suna son ƙwallo, mata suna jiran shirinsu na Arewa24, kuma duk lokaci ɗaya ne, bayan isha'i. Kuɗin da ake ganin an rage da dikoda ɗaya, da ɓacin rai ake biyan sa daga baya.

3. Na sayi 'yar sifilita na raba wayar gida biyu, amma in an canza tasha a falo sai ta ɗaki ta ɗauke. Me ya jawo?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma wanda ya gane amsarta ya gane rabin aikin. Wayar dish ba kawo sigina kaɗai take yi ba. Ta cikinta dikoda take tura wa LNB wuta, kuma da wutar take ba shi umarni. Tashoshin tauraro kashi biyu ne ta fuskar yadda ake turo su: na tsaye, waɗanda za ka ga an rubuta musu V a allon saiti, da na kwance, masu H. In dikoda tana son na tsaye sai ta tura bolt 13, in na kwance take so sai ta tura bolt 18. Haka kuma firikwensi ya rabu biyu, na ƙasa da megahaz 11700 da na sama da shi, kuma da wani ɗan sauti mai kilohaz 22 dikoda take cewa a ba ta na sama. Rukuni huɗu ke nan, alhali LNB mai baki ɗaya rukuni ɗaya kacal yake iya bayarwa a lokaci guda.

To da ka raba wayar, ka sa dikoda biyu suna ba shi umarni tare. Kamar a aiki yaro ɗaya ne, wannan ta ce Kasuwar Wunti, waccan ta ce Muda Lawal. Wadda ta tura bolt 18 ita ke rinjaye, ɗayar kuma allonta ya ce babu sigina. Shi ya sa wasu tashoshin suke kawowa lafiya a ɗakunan biyu, wasu kuma sai an yi sa'a: in duka biyun suna rukuni ɗaya ba a ganin matsala. Bakin nan na bayan wasu risibobi, wato dikodojin tashoshin kyauta, da ake jona risiba ta biyu a jikinsa, shi ma haka yake. Ta biyun tana bin ra'ayin ta farko ne.

Ban da wannan, sifilita tana rage ƙarfin sigina, kowane ɓangare bai kai rabin abin da ya shigo ba. Wuri ɗaya da take aiki yadda ake so shi ne tsarin da aka ambata a tambaya ta 6.

4. To wane irin LNB zan saya?

Ƙirga dikodojin gidan, ka ƙara ɗaya ko biyu saboda gaba. Akwai mai baki biyu, mai baki huɗu, da mai baki takwas. Kowane baki zaman kansa yake, kuma daga kowane baki waya ɗaya ce za ta tafi kai tsaye zuwa dikoda ɗaya, ba tare da ta haɗu da wata a hanya ba. Ka riƙe wannan ƙa'ida: kowace dikoda da wayarta. Dikodar da ke naɗar wani shiri alhali ana kallon wani, sai a ƙirga ta a matsayin biyu in tana da ƙofar LNB biyu a bayanta.

Bakin da ba a yi amfani da shi ba, a rufe shi da murfin robarsa, kada ruwa da ƙura su shiga. A allon saitin risiba kuma, irin waɗannan LNB lambobinsu 9750 da 10600 ne.

5. Mai shago ya ce akwai quad akwai quattro. Ba abu ɗaya ba ne?

Duk biyun baki huɗu gare su, amma aikinsu ya sha bamban, kuma ana yawan saya wa gida wanda ba shi ba. Quad shi ne wanda aka yi bayani a tambaya ta 4, kowane baki yana jin umarnin dikodarsa. Quattro kuwa kowane bakinsa rukuni ɗaya yake fitarwa ba ya canzawa, za ka ga an rubuta VL, VH, HL da HH a jikinsa, wato rukunan nan huɗu na tambaya ta 3. In ka jona shi kai tsaye da dikoda, kashi ɗaya cikin huɗu na tashoshi za ka samu.

Quattro abokin aikin maltisuwic ne, wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kafawa a cikin gida. Wayoyi huɗu suna saukowa daga kwando su shiga akwatin, shi kuma ya raba wa ɗakuna 8, 12, 16 ko fiye, kowa da cikakken 'yancinsa. Ga gidan haya, masauki, ko babban gidan gado mai sassa da yawa, wannan shi ne tsari na gaskiya. Sai dai a kula wajen jona wayoyin huɗu, kowacce ta shiga ƙofar da ke ɗauke da harafinta. In aka musanya biyu, tashoshi za su riƙa ɓacewa a duk gidan ba a san dalili ba. Yawancin waɗannan akwatuna suna da tasu wayar wuta, don haka a sa su a layin da ba ya yawan ɗaukewa, layin inbata in akwai.

6. DStv gare ni. Kowane ɗaki sai na biya masa kuɗin wata daban?

Raba sigina daban, biyan kuɗin kallo daban. Ko ka kai waya ɗaki goma, dikodar da ba a biya mata ba ba za ta buɗe tashoshin kuɗi ba. Kamfanin MultiChoice yana da tsarin XtraView, inda ake haɗa dikoda har uku a gida ɗaya a ƙarƙashin biya ɗaya, da ɗan ƙarin kuɗi a wata, kowacce tana kallon abin da ta ga dama. A tsarin da aka saba, dikoda ɗaya ce uwa, tana aika wa sauran wata 'yar alama lokaci-lokaci, don haka in aka kashe ta aka bar ta a kashe, sauran ma za su tsaya. A ajiye uwar a ɗakin da ba a kulle shi a tafi da makulli. Kuma na gida ɗaya ne, ba a tsallaka katanga da shi zuwa maƙwabta.

Dikodar Explora tana aiki ne da Smart LNB, wanda ke bin wata dabara dabam: kowace dikoda ana ware mata nata layin firikwensi a cikin waya ɗaya, don haka ba sa rigimar da aka bayyana a tambaya ta 3. A nan sifilita mai barin wuta ta wuce tana aiki, da sharaɗin kada dikoda biyu su ɗauki lambar layi ɗaya a saiti. Tashoshin kyauta kuwa babu ruwansu da duk wannan, risiba kawai za ka saya wa kowane ɗaki.

7. Ni dikoda ɗaya nake so, hoton ya riƙa fita a talabijin biyu ko uku. Yaya zan yi?

A nan ba wayar kwando za ka raba ba, abin da ya fito daga dikodar za ka raba. In talabijin ɗin suna kusa, na'urar raba HDMI ta isa. In ɗakin yana da nisa, akwai 'yan akwatuna biyu da ke ɗaukar hoton ta cikin wayar intanet ta Cat6 har wajen mita 50, ɗaya a bayan dikoda ɗaya a bayan talabijin. Wasunsu suna mayar da umarnin rimot, yadda na ɗaki zai iya canza tasha daga inda yake. Tsohuwar hanya ta bakin RF tana nan, ta fi araha, amma hoton ba ya fita tangaran a manyan talabijin na yanzu. Ko wacce ka bi, tasha ɗaya ce kowa zai gani.

8. Ina ya fi dacewa a kafa kwandon, kuma ina zai kalla?

Taurarin talabijin duk suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu, mu kuma Bauchi muna wajen digiri 10 a arewacinsa, don haka kowane kwando yana da ɗan karkata zuwa kudu. Na DStv, da ke digiri 36 gabas, in ka fuskanci alƙibla sai ka juya dama wajen digiri 45. Nilesat, da ke digiri 7 yamma, kudu maso yamma yake. Na StarTimes, a digiri 5 gabas, kusan a saman kanmu yake. Abin da ake bukata shi ne kada reshen darbejiya ko mangwaro, tankin ruwa ko benen maƙwabci ya tare gabansa. Itacen da bai kai ba bana zai kai baɗi.

Kada a kafa shi a kan rufin kwano. Iskar farkon damina da ke zuwa gaban hadari tana girgiza kwano, kuma kaucewar da ido ba ya gani ta isa ta ɗauke hoto a duk ɗakunan lokaci ɗaya. Bangon bulo mai ƙarfi, ko sandar ƙarfe da aka binne da kankare a tsakar gida, su ne daidai, kuma a inda tsani zai kai ba tare da wahala ba. A nisanci wayoyin wutar lantarki da suka ratsa ta saman gida, domin a nan rai ake magana. In za ka iya, ɗauki kwando mai santimita 90 maimakon 60, zai fi jure ruwan sama.

LNB ɗin za ka gan shi a murɗe, ba a miƙe ba. Haka ake so, musamman ga tauraron da ke can gabas. Kada wani ya hau ya ce zai gyara masa zama.

9. Muna son Nilesat saboda tashoshin Makka da Madina, muna kuma son wani tauraron. Zai yiwu a duk ɗakunan?

Zai yiwu, amma lissafin wayoyi yana ninkuwa. Ana amfani da ɗan makunnin DiSEqC, wanda ke karɓar wayoyi har huɗu daga LNB dabam-dabam ya fitar da ɗaya zuwa risiba. Kuskuren da ake yi shi ne a sayi guda ɗaya a ce zai wadaci gida. Kowane ɗaki nasa yake buƙata. In kwanduna biyu ne ɗakuna uku, za ka sayi LNB mai baki huɗu guda biyu da makunni uku, kowane makunni ya karɓi waya ɗaya daga wannan kwando, ɗaya daga wancan, sannan ya tafi ɗakinsa. A saitin kowace risiba sai a nuna mata wane tauraro ne ke ƙofa ta 1, wane ne ke ta 2.

In ɗakunan sun haura huɗu, maltisuwic mai ƙofar shiga 9 ya fi tsabta, duba tambaya ta 5. Nilesat a nan yankin yana son kwando babba fiye da na DStv. Kwando mai injin juyawa kuwa bai dace da gidan jama'a ba, domin duk wanda ya juya shi ya juya wa kowa.

10. Wayar dish ba duk ɗaya ba ce? Na ga wata rabin kuɗin wata.

In akwai inda zan roƙi magidanci kada ya yi tsumulmula, nan ne. Dikoda in ta lalace a cire a sa wata cikin minti biyar. Wayar da aka bi da ita ta cikin silin da bango kuwa, canza ta aiki ne sabo fil. A nemi RG6. Siririyar RG59 ta kyamarar tsaro ce, ba ta jure firikwensin da ke saukowa daga LNB, wanda ke tsakanin megahaz 950 da 2150.

Ka sa mai shago ya fere maka bakinta ka gani. Saƙar da ke kewaye da ita ta zama mai kauri da yawa, ba 'yan silalla tsiraru ba, kuma a sami takardar alminiyom a ƙarƙashinta. Ɗan ƙarfen tsakiya, ka kai masa maganaɗisu: in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana aiki a gajeren zango, amma a dogon zango tana cinye wutar da dikoda ke turawa, sai bolt 18 ya isa LNB a raunane, tashoshin H su riƙa ɗaukewa. A waje kuma baƙa ta fi fara jure rana, kuma rana a Maris da Afrilu ba sai an faɗa wa ɗan Bauchi ba.

11. Tsawon nawa waya za ta iya yi?

Da RG6 mai kyau, mita 30 zuwa 40 babu damuwa. In zangon ya wuce mita 50 ko 60, a koma RG11 mai kauri ko a sa 'yar na'urar ƙara ƙarfi a tsakiyar hanya. Na'urar ba ta gyara siginar da ta lalace tun daga kwando. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa kwandon a tsakiyar gidan yadda babu ɗakin da zai yi nisa sosai.

12. Ina cikin gini yanzu. Me zan gaya wa mai wayarin kafin a yi filasta?

Ka ci sa'a, domin yanzu ne aikin yake da araha. A zaɓi wuri ɗaya busasshe a cikin gida, kamar sito ko ƙarƙashin matakala, inda duk wayoyin ɗakuna za su haɗu, da soket a kusa. Daga kowane ɗaki a ja bututun roba zuwa wurin, daga wurin kuma a ja mai faɗi zuwa inda kwando zai zauna, wanda zai ɗauki waya huɗu ko biyar. Falo da ɗakin maigida a ba su waya bibbiyu. Kada a jera ɗakuna a waya ɗaya, daga wannan ta wuce wancan, yadda ake yi wa fitilu.

Wayar dish ba ta shiga bututu ɗaya da wayar wuta. Ba a lanƙwasa ta lanƙwasar gwiwar hannu, kuma ba a buga mata ƙusa har ta matse, domin da zarar ta baje ta daina ɗaukar sigina daidai. A rubuta sunan ɗaki a bakin kowace waya, bakin nan da bakin can. Bayan shekara biyu babu mai tuna wacce ce ta ɗakin Hajiya.

13. Da rani lafiya lau, da damina ta sauka sai matsala. Ruwa ne ke shiga?

Abu biyu ne. In hoto ya ɗauke lokacin da hadari ya haɗu ko ana tsuga ruwa, ya kuma dawo da an ɗauke, wannan ɗabi'ar irin wannan sigina ce, kwando babba da saiti mai kyau suna rage ta. In kuwa ruwa ya wuce matsalar ba ta wuce ba, je ka duba kwanektocin waje. Ruwa yana bin bakin kwanekta ya shiga cikin waya, saƙar ta yi baƙi ko tsatsa, wani lokaci har ya gangaro bayan dikoda.

Maganinsa a yanke inda ya lalace a sa sabuwar kwanekta, a naɗe da tef ɗin roba mai manne wa kansa, ba salatif ba. Kafin waya ta shiga bango a bar ta ta ɗan sauko ƙasa ta sake hawa, ruwan ya ɗiga a waje. Wajen ɗaura kwanekta, ko silin saƙa ɗaya kada ya taɓa ƙarfen tsakiya, kuma a cire dikoda daga wuta tukuna. A Maris da kuma wajen ƙarshen Satumba akwai 'yan kwanakin da rana ke bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke na 'yan mintoci da rana. Wannan ba ya buƙatar gyara.

14. GOtv fa? Zan iya jona ta a kwandon?

A'a, GOtv ba ta tauraro ba ce, eriya take amfani da ita. Amma tunda firikwensinta yana ƙasa da na dish, ana iya tura su biyun a waya ɗaya da 'yar na'urar haɗawa a waje da ta rabawa a ɗaki. Ƙofa ta biyar a jikin maltisuwic ma ta eriya ce.

15. Tsawa ta taɓa ƙona mana dikoda biyu a dare ɗaya. Akwai kariya?

Da ka haɗa ɗakuna a kwando ɗaya, ka haɗa su da waya ɗaya ta ƙarfe, don haka abin da ya shigo ta ɗaya yana iya kaiwa ga sauran. A ɗaure sandar kwando da jikin maltisuwic da waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙasa, wanda ke haɗe da na wayarin gidan. Wannan yana kuma maganin ɗan jan da ake ji in an taɓa kwanekta, abin da ke yawan faruwa in wani sashe yana kan janareta wani yana kan wutar gari. Kowace dikoda a sa mata abin kariya daga hawa da saukar wuta. Duk da haka, in tsawa ta yi tsanani, babu abin da ya kai a zare filogi a kuma kwance wayar kwando daga bayan dikoda, tun kafin ruwan ya kankama.

16. Ɗaki ɗaya ne kawai ba ya kawowa. Daga ina zan fara?

Tunda sauran suna aiki, kada a taɓa kwando. Ɗauko dikodar ɗakin ka gwada ta a wayar ɗakin da ke aiki. In ta kawo, laifin yana wayarta, ko kwanektarta, ko bakin LNB ɗin da take kai. Musanya bakin da wani a can sama: in matsalar ta koma ɗayan ɗakin, bakin ne ya mutu. In wasu tashoshi ne kawai suka ɓace, duba ko duk H ne ko duk V, sannan ka koma tambaya ta 3 da ta 10.

A allon sigina layi biyu ne, na ƙarfi da na inganci. Na ƙarfi yana iya cika alhali babu hoto, domin abin da yake nunawa bai wuce cewa LNB yana samun wuta ba. Na inganci shi ne abin dubawa.

17. In na kira mai haɗawa, me zan duba kafin in sallame shi?

Ka sa a kunna duk dikodojin lokaci ɗaya. A bar ɗaya a tashar H, a riƙa zagaya tashoshi a sauran, sannan a juya. In wani allo ya tsaya ko ya farfashe saboda an canza tasha a wani ɗakin, akwai sifilita a ɓoye a wani wuri, ko an jona ba daidai ba. A kashe dikodar falo gaba ɗaya a ga ko sauran za su ci gaba, in dai ba uwar XtraView ba ce. Ka ɗan tura bakin kwandon da hannu ka ga ko notuna sun ɗauru. Ka ɗauki hoton allon sigina na kowane ɗaki a wayarka, domin ranar da matsala ta taso ka san daga inda aka faro. Ragowar waya da kwalin LNB kuma ka karɓa ka ajiye, za su yi amfani ranar da za a ƙara ɗaki.